Mai Juna Biyu Da Ranar Kasuwa

Ya ke 'yar'uwa mai juna biyu, ko a Anka kike, ko Gummi, ko Bukkuyum, kin san cewa ranar kasuwa ce kayan gona ke zuwa da araha daga ƙauyuka. Amma kasuwar da kika saba ratsawa ba tare da tunani ba takan zama wani abu dabam idan ciki ya kai wata bakwai. Hanyoyin da ke tsakanin rumfuna ƙanana ne, ga masu baro da dabbobi, ga laka da damina, kuma da wuya a sami wurin zama ko makewayi mai tsabta. Ciki ba ciwo ba ne, tafiya da ƙafa ma tana da amfani gare ki. Abin da ake buƙata shi ne shiri tun daga gida.

Kafin ki fita

Ki yi sammako. Daga watan Maris zuwa Mayu zafin rana a yankinmu yakan haura digiri 40, kuma mai ciki ta fi saurin jiri saboda jini na taruwa a ƙafafu idan ta daɗe a tsaye. Ki karya kumallo, ki riƙe gorar ruwa, ki sa takalmi shimfiɗaɗɗe wanda ba ya santsi. Ki saka katin awonki a jaka, domin ko da wani abu ya taso a hanya, duk asibitin da aka kai ki za su san watanninki nan take.

Kada ki tafi ke kaɗai idan ciki ya tsufa. Hawa babur a hanya mai gargada ga mai cikin wata takwas ganganci ne. Idan da mota ko keke mai ƙafa uku, shi ya fi. Idan sai an ƙetare gulbi, kada ki shiga kwale-kwalen da aka cika maƙil. Ba mu manta hatsarin jirgin ruwan da ya ci rayuka da dama kusa da Gummi a watan Satumba na 2024 ba. Saboda halin tsaro kuma, ki lissafa lokacinki yadda za ki koma gida rana na sama.

Cikin kasuwa

Ki bi gefen kasuwa maimakon tsakiya inda ake turereniya, ki kuma nisanci kara, inda shanu ke iya ture mutum. Ki fara da kaya marasa nauyi, hatsi ya zama na ƙarshe, ki ba mai baro ko ɗan dako. Kuɗin dako bai kai kuɗin gadon asibiti ba. Bayan kowane rabin awa ki nemi inuwa ki zauna. Babu mai rumfar da zai hana mai ciki benci idan ta tambaya.

Wannan shiri ya shafi duk wanda tafiya ke yi wa wuya: tsohuwa mai ciwon gwiwa, makaho, mai sanda ko keken guragu. Tun watan Janairu na 2019 Nijeriya ke da dokar da ta haramta nuna wa masu nakasa bambanci, wadda ta ce a gyara gine-ginen jama'a yadda za su iya shiga. Neman a cike rami a ƙofar kasuwa ko a ajiye benci haƙƙi ne da maigidanki zai iya kai wa sarkin kasuwa.

Abin da za ki sayo

Ƙarancin jini na cikin manyan abubuwan da ke jefa mata cikin haɗari lokacin haihuwa, kuma abincin da ke gina jini yana nan a kan tabarmar masu kayan miya: zogale, alayyahu, rama, kuka, wake, waken suya, gyaɗa, ƙwai, busasshen kifi da nama gwargwadon hali. Lemo, gwaiba da tumatir na taimaka wa jiki ya ja sinadarin ƙarfe daga abinci, shayi kuwa yana rage shi, don haka kada ki sha shi tare da abinci. Ki sayi gishirin leda mai sinadarin aidin. Gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna ki bar ta komai arharta. Nono kuma sai wanda kika tabbata an tafasa madararsa. Duk wannan ba ya maye gurbin ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba ki wurin awo.

Hattara da dalma

A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a garuruwan, har da Bagega a 2013, amma haƙar ma'adinai ba ta tsaya ba. Dalma na ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan tayi. Tana iya jawo ɓari, haihuwar bakwaini, ko taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Saboda haka kada a kai hatsinki injin da ake niƙa dutse. Ki wanke hatsi da ganye da ruwa mai tsabta. Ki guji farar ƙasa ko da kwaɗayinta ya dame ki, ki kuma faɗa mana, domin sau da yawa alamar ƙarancin jini ce. Kwalli na dutse shi ma yakan ƙunshi dalma mai yawa. Kada ki sa, kada kuma a sa wa jariri.

Ga maigida da uwar miji

A gidaje da yawa mace ba ta zuwa kasuwa, ku ke yin cefane. To, jinin da ke jikinta daga kwandonku yake fitowa. Ku tambaye ta abin da aka ce ta ci a wurin awo, ku kuma ware kuɗin mota tun kafin watan haihuwa ya kama.

Idan kika ga jini, ko faya ta fashe, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannuwa, ko jariri ya rage motsi, ki ajiye cefanen nan inda kike, a wuce da ke asibiti mafi kusa. Kada a ce sai an koma gida tukuna.

Allah ya raba lafiya, amin.