Malala da 'Yan Matan da Har Yanzu Aka Hana Shiga Aji

A ƙarshen shekarar 2008 ne 'yan Taliban da suka mamaye kwarin Swat, a arewa maso yammacin Pakistan, suka ba da wa'adi cewa daga ranar 15 ga Janairun 2009 kada wata yarinya ta sake taka makaranta. Jagoransu, Maulana Fazlullah, ta rediyo yake aika umarninsa, kuma jama'a sun san ba wasa yake yi ba, don an riga an tarwatsa makarantun mata da dama. Cikin wannan hali wata yarinya 'yar shekara 11 a garin Mingora ta fara ba sashen Urdu na BBC labarin yadda suke rayuwa, tana ɓoye kanta da sunan Gul Makai. Sunanta na gaskiya Malala Yousafzai, mahaifinta Ziauddin kuwa malami ne mai makarantar kansa.

Mutane da yawa ba su san da ita ba sai ranar 9 ga Oktoba, 2012, lokacin da wani ɗan bindiga ya tare motar da ke mai da ɗalibai gida, ya tambayi wace ce Malala, ya harbe ta a ka. Ƙawayenta biyu, Shazia Ramzan da Kainat Riaz, su ma sun ji rauni. An fara yi mata aiki a Peshawar, daga baya aka kai ta Birmingham a Ingila, Allah kuma ya nufa da sauran shan ruwanta. Amma ya kamata a riƙa tunawa cewa ta shafe fiye da shekara uku tana magana kafin a harbe ta. Maganar ce ta jawo harsashin, kuma maganar ce ta cancanci girmamawa.

Karramawa kam ta same ta. Ranar 12 ga Yulin 2013, ranar da ta cika shekara 16, ta yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya, aka kira ranar da sunanta. A 2014 aka ba ta kyautar zaman lafiya ta Nobel tare da Kailash Satyarthi na Indiya, mai yaƙi da bautar da yara. Shekarunta 17, kuma ba a taɓa ba mai ƙarancin shekaru kamarta ba.

Akwai masu kallon wannan duka da zargi, a Pakistan da ma nan wajenmu. Suna cewa Turawa ne suka ɗauke ta suna tallata ta, alhali yaran da jiragen Amurka marasa matuƙi suka kashe a yankunan ƙabilun Pakistan ba wanda ya san sunansu. Rabin wannan magana gaskiya ne, kuma ciwo ne da bai dace a rufe shi ba. Sai dai laifin ba na yarinyar ba ne. Da ta haɗu da Shugaba Barack Obama a Oktoban 2013, ta faɗa masa ido da ido cewa hare-haren jiragen nan suna ƙara rura wutar ta'addanci. Batun kuma cewa karatun mata baƙon abu ne a Musulunci, mu Hausawa muna da amsarsa a gida. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ta horar da malamai mata da ake kira jaji suna bin ƙauyuka suna karantar da mata tun ƙarni na 19, tun kafin Bature ya kafa makaranta ko ɗaya a ƙasar Hausa.

Abin da gidauniyar Malala, wadda aka kafa a 2013, take nema ba shi da wuyar fahimta: kowace yarinya ta samu shekara 12 na karatu kyauta, mai inganci, cikin aminci. Dalilin dagewa kan shekara 12 shi ne a sakandare ake yin asarar 'yan mata. Firamare takan kasance kusa da gida. Sakandare kuwa sau da yawa tana nesa, ga kuɗin littattafai da na mota, ga rashin malamai mata, wani lokaci ko banɗaki babu, ga kuma masu neman aure sun fara sallama. Uban da ke da 'ya'ya shida da kuɗin biyu, yawanci maza yake zaɓa. Inda aka ƙara da fargabar sace ɗalibai, to magana ta ƙare, don ba uwar da za ta tura 'yarta inda ba ta da tabbacin dawowarta.

Wannan fargabar ce ta kawo Malala Nijeriya a Yulin 2014, wata uku bayan Boko Haram ta kwashe ɗalibai 276 daga makarantar Chibok. Ta zauna da iyayen yaran, ta ga Shugaba Goodluck Jonathan. Ta dawo a 2017, ta je Maiduguri, ta kuma nemi a ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi. Bayan haka aka sake sace ɗalibai a Dapchi a 2018, da kuma a Jangebe a 2021.

Yau a duniya 'yan mata fiye da miliyan 100 ne ba sa zuwa makaranta, kuma mafi munin lamarin yana makwabtaka da ƙasar su Malala. Tun da Taliban suka karɓi mulkin Afghanistan a Agustan 2021, 'ya mace ba ta wuce aji shida, a Disambar 2022 kuma aka rufe musu ƙofar jami'a. Hukumar UNESCO ta ƙiyasta a 2024 cewa aƙalla 'yan mata miliyan 1.4 aka raba da sakandare ta wannan hanya. Babu wata ƙasar Musulmi da ke da irin wannan doka. Shi ya sa na fi ganin nauyin jawabin da Malala ta yi a Islamabad a Janairun 2025 a kan dukan lambobin da aka rataya mata. A taron da ƙungiyar Rabiɗatul Alamil Islami ta shirya kan ilimin 'ya'ya mata, ta roƙi malamai da shugabannin Musulmi su fito fili su ƙi halasta wannan zalunci da sunan addini. An gayyaci gwamnatin Taliban zuwa taron, ba ta turo kowa ba.