Kashi na 17: Kwana 24 a ɗakin jarirai na Shika

Kamar kullum, ga rubutaccen shirin saboda waɗanda data ba ta ishe su saurare ba.

Kusan wata guda kun ji ni shiru, har wasu sun fara tsokana wai an saye ni. Ba a saye ni ba. Ina Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a kan benci, ina jiran ɗan ƙanwata. Ta yarda in ba da labarin, da sharaɗin kar in kama suna.

Ta haihu a gida cikin dare, a ƙauyenmu a ƙasar Makarfi, ana tsananin hunturu. Katin awonta ya nuna cikin mako 32 ne, alhali duk wanda aka haifa kafin mako 37 bakwaini ne a wurin likitoci. Wata tsohuwa ta leƙa shi ta ce ai ɗan wata bakwai ke rayuwa, ɗan wata takwas sai dai haƙuri. Wannan magana ba ta da tushe. Kowane mako da jariri ya ƙara a ciki ƙarfi huhunsa ke ƙarawa. Amma maganar ta yi mana illa, don ta sa kowa ya sare. Kwana biyu ba ya kama nono sosai. A na uku idonsa ya yi rawaya, aka ce shawara ce, a riƙa shanya shi a hantsi. A na huɗu na taɓa ƙafarsa na ji ta kamar randa, kuka ma ya daina. Ƙanwata ta ce, "Yaya, don Allah kar mu jira suna."

Mun fara zuwa wani ƙaramin asibiti, babu wuta, aka rubuta mana takarda. Muka bi ta Tashar Yari zuwa Zariya, muka wuce Shika. A sikeli kilo 1.5 ya yi. Ƙasa da kilo 2.5 ma an shiga sahun masu ƙarancin nauyi.

To, abin da na koya a bencin nan shi ne jariri irin wannan ba ya warkewa a tashi ɗaya. Matsalolin bi ake yi ɗaya bayan ɗaya, kuma wata ran sai an koma baya.

Farko ɗumi. Kwalbar da muke jin ana cewa an saka jariri a ciki, babban aikinta ta riƙe zafin jikinsa tsakanin 36.5 da 37.5. Bakwaini ba shi da kitsen da zai tare masa sanyi, kuma in ya huce, sukarin jininsa sai ya faɗi, numfashi ya rikice. Wankan da aka yi masa daren haihuwa da kyakkyawar niyya aka yi, amma ya cuce shi. Sai numfashi: aka sa masa siririyar robar oksijin a hanci. Wata nas ta ce min, "Malam, irin waɗannan mantawa suke yi su ja numfashi." Na ɗauka wasa take. Ashe ɓangaren ƙwaƙwalwa mai kula da numfashi ne bai gama nuna ba. Ɗaya daga cikin magungunan wannan matsala sinadarin nan ne da ke cikin goro da kofi, mai hana barci. Kar wani ya ji wannan ya je ya tauna wa jariri goro fa, awo ne da shi na likita. Aka kuma fara masa allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, don cibiyar da aka yi ta gasawa da tsumma ta fara wari. Akwai man cibiya mai suna Chlorhexidine da aka tanada don wannan, ku tambaya a wurin awo.

Shawara ce nake so in daɗe a kanta, don ita muka fi raina wa. Jajayen ƙwayoyin jinin jariri suna mutuwa da sauri, su bar wani rawayan sinadari da ake kira bilirubin. Aikin hanta ne ta fitar da shi, to hantar jariri, balle bakwaini, ba ta gama ƙwari ba. Kaɗan ba ya komai, jarirai da yawa suna yi ya wuce. Amma in ya taru ya haura ƙwaƙwalwa, ɓarnar ba ta gyaruwa: kurumta, sanƙarewar gaɓoɓi, ko rai gaba ɗaya. Yara nawa muke gani a Ikara da Hunkuyi ba sa iya riƙe wuya, ana cewa iska ce ta taɓa su? Wasu daga cikinsu shawarar satin farko ce.

Maganin, abin mamaki, haske ne. A 1956, a wani asibiti a garin Rochford na Ingila, wata nas mai suna Jean Ward ta lura cewa rawayar jariran da take fitarwa rana tana raguwa. Daga nan aka ƙera fitila mai shuɗin haske wadda ke sauya sinadarin ya fita ta fitsari da kashi. Na san wani zai ce to ai gaskiyar tsofaffinmu ke nan. Da ɗan ƙamshinta, amma hantsin rabin awa ba ya isa, ga sanyi ko ƙuna, kuma ido ba ya auna yawan abin, sai gwajin jini. Yaronmu kwana uku ya yi tsirara ƙarƙashin fitila, an rufe masa ido, dare da rana. Likita ya ce da ya ƙara haurawa sai an sauya masa jini. Ya kuma tambaye mu ko mun ajiye kayan jaririn da kafur. Mun ajiye mana. Ashe akwai yara, musamman maza, masu wani rauni na gado a jini da ake kira G6PD, wanda kafur, har da lalle, ke fasa musu ƙwayoyin jini.

Ranar suna aka yanka rago a gida, mai sunan yana kwalba, uwar tana tatsar nono a kofi.

Wannan tatsa ita ce aikin da ya fi tsawo. Jariri ba ya iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi sai wajen mako 34, don haka ta roba ake zura masa nono zuwa ciki. Da mililita 2 aka fara, bai kai rabin ƙaramin cokali ba. A kwana na tara cikinsa ya kumbura, aka tsayar da nono kwana biyu, nauyinsa ya koma 1.4. Ranar ƙanwata ta yi kukan da ban taɓa ji ba. Daga nan aka sake farawa, giram 20 yau, 30 gobe. Ni da na yi digiri, na koma murnar giram 20 kamar an ba ni aikin gwamnati.

Da aka cire oksijin sai aka ɗaura mata shi a ƙirji, fata da fata, daga shi sai hula da kunzugu. Goyon kangaru ake ce masa. Wani likita, Edgar Rey, ya fara shi a birnin Bogota na Kolombiya a 1978 saboda ƙarancin kwalabe, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara shi tun daga haihuwa. Zani kawai yake buƙata. Da mun san shi a daren farko, da a haka za mu kawo yaron, ba a naɗe cikin tawul ba. Ni ma na karɓe ta na awa biyu, ana ta yi min dariya.

An sallame mu a kwana na 24, yana kilo 1.8, yana kama nono da kansa. Buhun masara huɗu mijinta ya sayar, ban da gudummawar dangi.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a cikin jarirai 1,000 da aka haifa da rai a Najeriya, 39 ba sa cika wata guda. Don haka matasan Ikara, Makarfi da Kudan, ga aiki: kowa ya je babban asibitin ƙaramar hukumarsa ya tambaya cikin ladabi, akwai fitilar shawara? Tana aiki? In an ɗauke wuta me ke kunna ta? Ku turo min amsa, zan karanto su a nan. Jaririn da ya ƙi nono, ko ya yi sanyi, ko zazzaɓi, ko numfashi sama-sama, ko jijjiga, ko rawaya a ranar farko ko wadda ta sauko tafin hannu da ƙafa, ranar za a kai shi, ko da tsakar dare ne.

Ranar Litinin za mu koma Shika a gwada jinsa da ganinsa. Ku sa mu a addu'a. Sai mun haɗu a kashi na 18.