Canza fulogin mota a gida: abin da ya kamata mai mota ya sani

Tun bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur ranar 29 ga watan Mayun 2023, duk abin da ke sa mota shan mai fiye da ƙima ya zama abin damuwa ga masu ababen hawa a Najeriya.

Litar da ake saya ƙasa da naira 200 a farkon shekarar 2023 ta haura naira 1,000 a gidajen mai da dama a watan Oktoban 2024.

A Ƙofar Durbi da ke birnin Katsina, kamar sauran unguwannin birnin, ba baƙon abu ba ne da sanyin safiyar hunturu a ga matasa na tura motar da ta ƙi tashi. Akasari batir ake ɗora wa laifi, amma sau da yawa matsalar tana ga fulogi ne da wayoyinsa, kuma gyara ne da mai mota zai iya yi da kansa a ƙofar gida.

Aikin fulogi

Injin da ke amfani da fetur yana zuƙar mai da iska zuwa cikin silinda, ya matse su, sannan fulogi ya ba da tartsatsin da zai kunna su. Wannan ƙonewar ce ke tura fistin, mota ta yi tafiya.

Batir na ba da wuta mai ƙarfin volt 12 ne kawai. Kwayil ne ke ɗaga ta zuwa volt 20,000 ko fiye, wayoyi kuma su kai ta ga kowane fulogi. A shekarar 1902 ne injiniya Gottlob Honold na kamfanin Bosch a Jamus ya ƙera na'urar da ta sa irin wannan tartsatsi ya zama abin dogaro.

Idan inji na juyawa sau 3,000 a minti guda, kowane fulogi na yin tartsatsi sau 25 a daƙiƙa ɗaya. A hankali bakinsa yakan cinye, tazarar da wutar ke tsallakewa ta ƙara faɗi.

Da zarar tartsatsin ya yi rauni, man da ya shiga silindar ba zai ƙone duka ba, sai ya fice ta salansa. A mota mai silinda huɗu, mutuwar fulogi ɗaya na nufin kashi ɗaya cikin huɗu na injin ya daina aiki, alhali yana ci gaba da shan mai.

Alamomin sun haɗa da wahalar tashi da safe, da kakkarwar inji idan mota na tsaye, da sarƙewa idan an taka totur, da warin ɗanyen fetur daga salansa.

Ba kowace mota ke da waya ba

Tsofaffin motoci irin su Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, da Golf 3 da ake haya da ita a garuruwan arewa, suna da wayoyi masu kauri da ke zuwa kan kowane fulogi.

Amma yawancin motocin da aka ƙera daga farkon shekarun 2000, kamar Toyota Corolla da Honda Accord na 2003 masu silinda huɗu, kowane fulogi na da nasa kwayil a kansa, don haka babu wayar da za a canza. Motocin dizal kuwa ba su da irin wannan fulogi sam.

Zafin inji da na bazara, wanda a Katsina kan haura digiri 40 a watan Afrilu, yana busar da robar wayoyin har ta tsattsage. Idan aka buɗe murfin inji cikin duhu mota na kunne, akan ga wuta na tsalle daga wayar da ta lalace. Kallo kawai ake yi, ba a taɓawa, domin wutar na girgiza mutum sosai.

Yadda ake canzawa

Abin da ake buƙata shi ne sifanar fulogi, yawanci mai lamba 16 ko 21, da burushi, da tsumma mai tsabta, da sababbin fulogi masu lambar da littafin motar ya ƙayyade. Fulogin da ya fi ƙima tsawo na iya bugun fistin.

A bari inji ya huce tukuna. Kan injin yawancin motoci na alminiyam ne, kuma kwance fulogi da zafi na iya cinye zaren ramin da ake ɗaure shi.

A share ƙura da yashin da suka taru a gefen fulogin kafin a kwance shi. Wannan na da muhimmanci a lokacin hunturu, sa'ad da iska ke ɗebo ƙura daga hamada. Duk yashin da ya faɗa ramin, cikin silinda ya nufa.

A cire waya ɗaya, a canza fuloginta, a mayar da ita, sannan a matsa ga ta gaba. Silindoji ba a jere suke kunnuwa ba. A yawancin injuna masu silinda huɗu tsarin shi ne 1-3-4-2, kuma idan wayoyi suka cakuɗe mota za ta ƙi tashi, ko ta riƙa harbi. A kama hular robar da ke bakin wayar a murɗa, kada a fizgi wayar daga tsakiya.

A fara ɗaura sabon fulogi da hannu. Idan ya cije tun farko, a kwance a sake gwadawa. Bayan ya zauna, sabon fulogi mai zoben ƙarfe a gindinsa na buƙatar kimanin rabin zagaye ne da sifana. Tazarar bakinsa a mafi yawan motoci tana tsakanin milimita 0.7 da 1.1.

Abin da tsohon fulogi ke faɗa

Kafin a zubar da tsofaffin, a jera su yadda aka ciro su, domin launinsu na nuna halin da kowace silinda ke ciki.

Ruwan ƙasa-ƙasa ko toka-toka alama ce ta lafiya. Busasshiyar baƙar kunkunniya na nuna mai ya fi iska yawa, kuma sau da yawa matatar iska ce ƙura ta toshe.

Idan fulogi ya jiƙe da baƙin mai, wataƙila zobban fistin ne suka cinye. Idan kuwa ya yi fari fat ko bakinsa ya narke, injin na yin zafi fiye da ƙima.

A waɗannan halaye biyu na ƙarshe, sabon fulogi ba zai magance komai ba, zai sake lalacewa ne cikin ɗan lokaci. Wannan aikin makanike ne. Haka ma idan fulogi ya ƙi kwantuwa, gara a bar shi da a karya shi a cikin inji.

Hattara da jabu

Fulogi na yau da kullum yakan yi kimanin kilomita 30,000, yayin da mai bakin iridiyam kan kai kilomita 100,000. Sai dai wannan lissafi na mai asali ne.

Manyan kamfanonin da ke ƙera fulogi, irin su NGK da Denso, sun sha gargaɗin cewa ana kwaikwayon kayansu. Farashin da ya yi arha fiye da hankali, da rubutu mai dusu-dusu, da zare mai kaushi, duk abin zargi ne.

Bakin fulogin jabu na iya narkewa ko ya karye ya faɗa cikin silinda, abin da kan kai ga sauke inji gaba ɗaya. Don haka ya fi dacewa mai mota ya tafi kasuwa da lambar fulogin a rubuce, ya saya wurin dillalin da ya amince da shi, ya kuma rubuta kilomitar da motar ta yi a ranar da ya canza, domin sanin lokacin da zai sake dubawa.