Haƙori mai baƙuwar siffa: gane shi da maganinsa a Adar da Majiya

A cikin wannan ɗan nazari muna nufin ma'aikatan gidajen likita na Madawa da Buza da Keita, waɗanda su ne ke fara ganin bakin yaro kafin likitan haƙori.

1. Asali

Haƙora suna fara tsiro cikin dasashi tun mako na 6 na ciki. Duk abin da ya sami haƙori lokacin da yake ginuwa, to da shi zai fito, ba ya gyaruwa da kansa. Wani gado ne, wani kuma cuta ce ko ruwan sha.

2. Ganewa

Mu fara da ƙidaya: haƙoran nono 20 ne, na girma 32. Idan muka ga haƙori mai faɗi da tsagi a tsakiya, muka ƙirga shi ɗaya, adadi ya cika, ƙwaya guda ce ta so rabuwa. Idan ɗaya ya kasa, biyu ne suka manne, kuma sau da yawa wanda zai gaje su ba ya nan. Hoto ne ke tabbatarwa. Ƙaramin haƙori mai tsini kusa da na gaba yakan bar sarari, kada mu ɗauke shi wushirya. Na gaba masu siffar ganga da ɗan giɓi a baki, waɗanda Jonathan Hutchinson ya bayyana a 1858, alamar tunjere ce da yaro ya samu tun a ciki.

Sai mu tambayi rijiya. A Tibirin Gobir, jahar Maraɗi, ruwan burtsatsen da aka buɗe a 1985 ya kasance yana da fuliyor fiye da ninki uku na miligiram 1,5 cikin lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade. Haƙoran ɗaruruwan yara suka dafe, ƙasusuwansu suka lanƙwashe. Saboda haka, yara da yawa masu tabo iri ɗaya a gari guda dalili ne na auna ruwa.

3. Magani

Ba a gaggauta cirewa. Likitan haƙori yana toshe tsagi kafin ya rube, ya cika mai tsini da ƙullu mai launin haƙori. Tunjere kuwa, a auna jinin uwa da ɗa, a yi allurar fenisilin. Fuliyor yana ɓata haƙori ne kafin shekara 8, don haka canjin ruwa yana ceton ƙanne.