Haiti: ƙasar da ta biya diyyar 'yancin da ta ƙwata da jininta

Tun da 'yan sandan Kenya suka sauka a Port-au-Prince a 2024 don taya murƙushe 'yan daba, wata magana ke yawo a Facebook da teburan mai shayi: wai Haiti la'ananniyar ƙasa ce, tsafi ya cinye ta. Wasu ma har da cewa ita ce hujjar baƙar fata ba ya iya riƙe kansa, ai tun 1804 take da 'yanci, me ta tsinana? Masu wannan magana sun ɗauka da an ɗaga tuta shi ke nan an zama ƙasa, sauran duniya sai dai ta aiko da barka. Ba haka aka yi da Haiti ba.

Bayin gonakin rake ne suka yi tawaye a 1791, suka karya rundunar Napoleon a Vertières cikin Nuwamba 1803, Jean-Jacques Dessalines ya yi shelar 'yanci ranar 1 ga Janairu 1804. Babu daula ko ɗaya da ta ce ta san da zamansu. Ingila da Sifaniya suna da nasu bayin a tsibiran da ke maƙwabtaka, suna tsoron kada wutar ta tsallako. Amurka kuwa, wadda ita kanta ta tura Benjamin Franklin birnin Faris yana fadanci har Faransa ta amince da ita a 1778, sai ta haramta ciniki da Haiti a 1806, zamanin Thomas Jefferson, wanda shi ma ubangidan bayi ne.

Mutane na raina wannan amincewa, suna ganin gaisuwar jakadu ce kawai. A duba mutumin da ya koro sa zuwa kara, ga wani yana bin bayansa yana cewa nasa ne aka sace. Komai ƙibar san, dillali ba zai taɓa shi ba, wanda kuma ya yi ƙarfin halin saye a ɓoye zai taya da arha, don ya san mai shi ba shi da inda zai kai ƙara. A idon dokokin Turawa na lokacin, Haiti da ƙasarta da mutanenta dukiyar Faransa ce da ta kufce. Gahawarta na fita, amma ba yarjejeniya, ba jakada, ba bankin da zai ba ta rance, kullum kuma ana zaman ɗar-ɗar ko jiragen Faransa za su dawo. Dalilin da ya sa shugaban Haiti Henri Christophe ya zuba dukiya da ƙarfin talakawa wajen gina katafariyar ganuwar Citadelle a kan dutse ke nan.

Jiragen kuwa sun dawo. A watan Yuli 1825 Baron de Mackau ya iso da jiragen yaƙi, ɗauke da dokar da Sarkin Faransa Charles na 10 ya sa wa hannu ranar 17 ga Afrilu. Faransa za ta amince da 'yancin Haiti, da sharaɗin a biya tsofaffin iyayengijin bayi diyyar faran miliyan 150 cikin shekara biyar, a kuma rage wa kayan Faransa rabin kuɗin fito. Don a gane girman kuɗin, faran miliyan 80 Napoleon ya sayar wa Amurka da yankin Louisiana kacokan a 1803. Shugaba Jean-Pierre Boyer, bakin igwa na kallon babban birninsa, ya karɓa.

Ko kason farko na miliyan 30 babu shi a baitulmali. Sai aka ranto daga bankunan Faransa, su kuma suka zare la'adarsu tun kafin kuɗin su bar Faris, abin da ya rage miliyan 24. Bashi ya hau kan bashi. A 1838 an rage jimillar diyyar zuwa miliyan 90, an gama biyanta a shekarun 1880, amma rancen da aka yi ta ci don toshe wannan rami sai 1947 aka rabu da shi. Manomin gahawa ne ya biya, ta harajin da aka ɗora wa amfanin gonarsa, kuɗin da ya kamata su zama makaranta da hanya da asibiti.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne halin maƙwabta. Shugaban Haiti Alexandre Pétion ya ba Simón Bolívar, jagoran yaƙin 'yancin Kudancin Amurka, mafaka da makamai a 1816, bisa alkawarin zai 'yanta bayi. Da Bolívar ya kira taron sababbin ƙasashen yankin a Panama a 1826, ba a gayyaci Haiti ba. Fadar Paparoma sai 1860 ta ƙulla yarjejeniya da ita. Amurka sai 1862, zamanin Abraham Lincoln, bayan jihohin kudu masu bayi sun ɓalle, babu sauran wakilansu a majalisa da za su ƙi ganin baƙin jakada a Washington. Daga baya ma sojojinta suka mamaye ƙasar daga 1915 zuwa 1934.

Wannan bai wanke shugabannin Haiti ba. François Duvalier da ɗansa sun yi mulkin kisa da wawura daga 1957 zuwa 1986, kuma ba Charles na 10 ne ya raba wa 'yan daban yau bindigogi ba. Sai dai wanda zai yi hukunci a kan ƙasa ya kamata ya fara karanta takardun bashinta kafin ya kama zancen tsafi.

A 2003 Shugaba Jean-Bertrand Aristide ya nemi Faransa ta mayar da kimanin dala biliyan 21. Shekara na zagayowa aka kore shi daga mulki. Ranar 17 ga Afrilu 2025, da dokar Charles na 10 ta cika shekara 200, Shugaban Faransa Emmanuel Macron ya amsa cewa an yi wa Haiti rashin adalci, ya kuma sanar da kafa kwamitin masana tarihi na ƙasashen biyu. Bai yi alkawarin mayar da ko sisi ba.