Ina kuɗin ya maƙale? Yadda injiniyoyi ke bin sawun saƙo a intanet

A unguwar Yelwa da ke Jalingo, babban birnin jihar Taraba, kamar a sauran biranen ƙasar nan, an saba ganin mutum tsaye gaban rumfar mai POS yana nuna masa fuskar waya. An cire kuɗi daga asusunsa, shi kuwa mai POS bai ga alat ba, don haka ba zai miƙa ko sisi ba. A ƙarshe su ɗora laifin a kan "netwok", su zauna jira.

A wajen injiniyan da aka ɗora wa gyaran matsalar, wannan kalma ba ta isa amsa ba, domin tura kuɗi daga banki zuwa banki tafiya ce mai zango-zango. Manhajar wayar mai turawa ce ke fara aika buƙata ta layin kamfanin sadarwa zuwa kwamfutocin bankinsa. A can a tantance lambar sirri, a tabbatar da sunan mai karɓa, a duba ko kuɗin ya isa, sannan a cire. Daga nan saƙon ya bi ta NIBSS, kamfanin da Babban Bankin Najeriya da bankunan kasuwanci suka mallaka, wanda ya ƙaddamar da tsarin tura kuɗi nan take na NIP a shekarar 2011. Shi ke miƙa saƙon ga bankin mai karɓa, wanda zai zuba kuɗin ya kuma aika alat. Kowane zango na iya jinkiri, kowane kuma na iya yin shiru.

Kowace kwamfuta a wannan hanya tana rubuta abin da ta yi a kundinta. Sai dai kundin ya ƙunshi dubban buƙatu da suka cakuɗe, ta yadda nemo guda ɗaya a ciki kan zama neman allura cikin ruwa. Dabarar da masana suka fito da ita ita ce bin sawu. Da zarar buƙata ta shigo, sai a liƙa mata lamba ta musamman wadda za ta riƙe har ƙarshen tafiyarta. Duk zangon da ta sauka zai rubuta wannan lamba, da lokacin isowarta, da lokacin tashinta, da kuma zangon da ya turo ta.

Daga waɗannan bayanai ne manhaja ke fitar da zane mai kama da matakala. Lokaci yana tafiya daga hagu zuwa dama, kowane zango kuma yana da sandarsa, wadda tsawonta ke nuna daɗewarsa. A misali, idan tura kuɗi ya ɗauki daƙiƙa 20, zanen na iya nuna cewa tantance lambar sirri da cire kuɗi sun ci daƙiƙa 2 kacal, sauran 18 kuwa sun tafi wajen jiran amsar bankin mai karɓa. Da kallo ɗaya injiniya zai san inda zai dosa. Idan kuma wata sanda ta yanke ba tare da amsa ba, a nan kuɗin ya maƙale.

Kamfanin Google ne ya shahara da wannan fasaha, bayan maƙalar da ya wallafa a 2010 kan tsarinsa mai suna Dapper. Twitter ya saki Zipkin ga kowa kyauta a 2012, Uber ya biyo baya da Jaeger a 2017. A 2019 aka haɗe shirye-shiryen OpenTracing da OpenCensus suka zama OpenTelemetry, wanda yau manhajoji da dama ke amfani da shi wajen tattara irin waɗannan bayanai.

Akwai wani zanen na biyu da ke shiga cikin zango guda. A 2011, injiniya Brendan Gregg, yana binciken dalilin nauyin rumbun bayanai na MySQL, ya ƙirƙiro abin da ake kira zanen harshen wuta. A cikinsa ana jera sassan manhaja ɗaya bisa ɗaya gwargwadon wanda ya kira wani, faɗin kowane sashe kuma yana nuna rabonsa cikin aikin da kwamfutar ta yi. Zanen matakala yana nuna zangon da aka yi jinkiri, na harshen wuta kuma ya nuna sashen manhajar da ya jawo shi.

Muhimmancin wannan ya fito fili a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira bayan sauya fasalinsu, sa'ad da jama'a suka koma tura kuɗi ta waya, ƙorafin maƙalewar kuɗi kuma ya yawaita. Tun a 2018 dokar Babban Banki ta tanadi tarar naira 10,000 kan kowace hada-hada ga bankin da ya wuce minti 4 bai zuba kuɗin da ya shigo a asusun mai shi ba, ko ya wuce awa 24 bai mayar da wanda bai tafi ba. Cika wannan wa'adi yana buƙatar banki ya san inda lokacinsa ke zurarewa.

Fasahar tana da iyakarta. Adana sawun kowace buƙata yana da tsada, shi ya sa Dapper kan ɗauki ɗaya cikin 1,024 a manyan ayyukansa, abin da ke nufin matsalar da ba kasafai take faruwa ba na iya kuɓucewa. Haka nan sawu kan yanke a ƙofar wani kamfani idan ba su yarda da tsarin lamba iri ɗaya ba, dalilin da ya sa hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta fitar da ƙa'ida kan haka a 2020. Sannan dole a kiyaye kada bayanan sirrin jama'a su shiga zanen, kamar yadda Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta kiyaye su.

Mai tura kuɗi a Yelwa ba zai ga waɗannan zane-zane ba, amma yana riƙe da bakin zaren. Duk kuɗin da ya bi ta NIP yana da lamba mai alƙaluma 30, wadda ake rubutawa Session ID a jikin risit. Da ita bankunan biyu da NIBSS ke gane hada-hada guda a kundayensu. Don haka wanda kuɗinsa ya maƙale ya adana risit ɗinsa, ya kai wa bankinsa wannan lamba tare da rana da lokaci, ya kuma nemi a faɗa masa zangon da kuɗin ya tsaya.