Ranar Da Hawan Kibo Ya Nuna Mini Halin Masoyi

Magabata sun ce tafiya mabuɗin ilimi, ni kuwa na ce har da mabuɗin hali. A zaure kowane saurayi mai haƙuri ne, ga ƙamshin turare ga daɗin baki. In kina son gaskiyarsa, sai a hanya.

Lokacin da mutumin nawa ya turo magabatansa, Baba ya ce ba zai amsa ba sai Yaya ya auna shi. Yaya kuwa a Jos yake aiki, ni ma can nake hutu. Sai ya shirya mana zuwa kallon ruwan Assop, mai nisan kamar kilomita 60 daga gari a kan hanyar Akwanga. Mu biyar ne: Yaya, Anti, 'yarsu ƙarama, ni, sai shi a kan sitiyari.

Da hantsi muka fita, sanyi na ratsa ƙashi, don Jos tana kan tudun da ya kai wajen mita 1,200. Muka bi ta Bukuru, inda kududdufan da masu haƙar kuza suka bari suke kwance shiru. Yaya ya ce kada kyansu ya ruɗe mu, zurfi gare su. Daga Mararrabar Jama'a muka miƙa Riyom. Ke dai bari! Duwatsu ne manya a ɗore kan juna, sai ki rantse hannu ne ya jera su, alhali ikon Allah ne.

Sai ga Hawan Kibo. Daga Jos gangara ce mai kwana-kwana, wadda ta sha cin manyan motoci in birki ya ƙwace. Muka tarar da wata tirela tana jan ciki, ƙananan motoci na ta wuce ta a kan kwana. Yaya ya ce, "Malam, ka wuce mana, ko tsoro kake ji?" Gabana ya faɗi, don na san maza da son a ce sun iya. Shi kuwa ya sa ƙaramin giya ya ce, "Yaya, rayuka biyar na ɗauko, kuma ba na ganin abin da ke bayan kwanar nan." Anti ta ɗan taɓa ni da gwiwar hannu.

A Assop muka ajiye mota muka taka da ƙafa. Tun kafin ki ga ruwan za ki ji rugugin sa. Ga shi fari fat yana zubowa ta kan duwatsu, bishiyoyi sun yi masa rumfa, feshinsa na sauka a fuska. Duwatsun bakin ruwa sun yi gansakuka, santsi kamar an zuba karkashi. Ya saɓa yarinyar a kafaɗa, yana gaba yana nuna mana wurin sa ƙafa. Da azahar ta yi, shi ya fara neman wurin alwala. A daren nan Yaya ya kira Baba, abin da ya ce kawai, "A ba shi."

To 'yan uwa, ga shawarata ga mai niyyar zuwa. Kada ki je sai da iznin iyaye da rakiyar muharrami. Ki bar takalmi mai tsini a gida, ki sa na roba mai kama ƙasa. Kada ki shiga ruwan ko ki hau dutse don hoto, musamman da damina da yake cika. A tambayi lafiyar hanya kafin a tashi, a kuma juyo tun rana ba ta faɗi ba. Sannan ki sa ido ki ga yadda yake da direbobi, da yara, da lokacin salla. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Allah ya haɗa kowacce da nagari, amin.